Littafin gyaran rufi kafin damina: Kano, Afrilu zuwa Yuli 2025

Asabar, 5 ga Afrilu

Gidan ciki biyu ne da falo, ginin bulo, rufin kwano a cikin rawani, wato bangon da ya zagaye rufin ya ɗara shi tsayi. Daminar bara ta bar shaida a wuri huɗu: silin ɗin falo ya yi taswira ya lotsa, ɗakin yara yana zuba ta kusurwar gabas, filastar rawani ta tsattsage, gindin bangon waje kuma yana ɓarewa inda indararo yake zubar da ruwa. Fenti ma ya mutu, amma fenti ba ya cikin lissafin bana. Ruwa ne zai tsara jerin aikin. Sai an tare shi daga sama, sannan a bi hanyar da yake sauka, sannan gindin bango. Wanda ya fara da silin da fenti don su ido yake gani, zai sake biyansu a watan Agusta.

Abin da ke shigowa a wata naira 240,000 ne, albashi 195,000 da kimanin 45,000 na aikin yamma. Mutum shida ne a gidan. Ga yadda ake raba shi: abinci da cefane 125,000, gas, wuta da ruwan 'yan garuwa 27,000, man babur da zirga-zirga 24,000, ajiyar kuɗin makaranta da Islamiyya 18,000, magani da zumunci 12,000, nishaɗi 8,000, zubin adashi 20,000, ajiyar gyara 6,000.

Adashin na mutum goma ne, an fara a Nuwamba, ɗaukata ta faɗo a ƙarshen Maris: 200,000. Ajiyar 6,000 ta wata tara ta tara 54,000. Asusun gyara ya fara ke nan da 254,000. Wani abu da ake mantawa: kuɗin adashi ba riba ba ne. Zubi yana nan har Agusta, don haka babu wani sarari da zai buɗe a albashi kafin Satumba.

Na yanke shawarar soke kason nishaɗi na wannan wata, a ƙara 8,000 ɗin a kan gyara.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Duba rufi tare da kafinta. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire falle ɗaya na silin da tsakar rana a leƙa, duk inda haske ya shigo ruwa zai shigo. Muka yi wa wuraren alama da alli, sannan aka hau. Falle 14 sun ci tsatsa har suna ɓurmawa da yatsa, kusan duka a layin ƙasa, inda ƙura da ganyen darbejiya suke kwanciya su riƙe laima. Sauran kwanon lafiya lau, ƙusoshi ne kawai suka ɗago.

Kafinta ya ƙiyasta katako tu-bai-tiri, wato mai kaurin inci biyu da faɗin inci uku, guda shida. Ladansa 25,000.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sayayya. Kwano daga Ƙofar Ruwa, katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa.

Bandir ɗaya falle 20 ne. An nuna min iri biyu, na 68,000 da na 82,000, na ɗauki mai tsadar. Ba a gane kauri da ido ko da tambarin da ke jiki. A ɗaga falle ɗaya ta baki guda: marar kauri yana lanƙwashewa kamar takarda, yana kuma lotsawa da an danna tudunsa da babban yatsa. Irin wannan ƙusa ce take yaga shi a iskar farko. Bambancin 14,000 bai kai ladan kafinta na zuwa biyu ba.

Katako shida a kan 2,200, 13,200. A zaɓi busasshe, a duba tsawonsa da ido ɗaya kada a ɗauki mai murɗiya. Ƙusar kwano mai hula fakiti biyu 9,000, ƙusa inci 3 da inci 4 ta 6,000, dako 4,000. Jimla 114,200. Saura 139,800.

Ban sayi siminti ba tukuna. Kwano da katako suna jira, siminti kuwa in ya kwana biyu a ƙasa yana jan laima ya daskare.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ranar hutu ce, aka buɗe rufin da sassafe, aka tarar da abin da ba a gani ta ƙasa. Gara ta cinye katakon kusurwar gabas. Daga waje katakon yana nan cif, amma da aka buga guduma sai ya fashe, cikinsa ƙasa ce zalla. Ba tu-bai-tiri kaɗai ba, har manyan katakon da suke ɗauke da rufin guda huɗu. Wannan ne ya sa kwanon wajen ya yi kwari yana tara ruwa, ruwan kuma yana ƙara jiƙa katakon, garar tana ƙara samun abin da take so.

Hanyar garar tana bayan kabad ɗin ɗakin yara, siririn layin ƙasa daga daɓe har silin. In aka sauya katako aka bar wannan hanya, an ba ta sabon abinci ne kawai. Aka kankare layin, aka huda ƙasa a gindin bangon ta waje, aka zuba maganin gara da aka dama bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Sabon katako da tsohon da ya rage duk aka shafe su da magani haɗe da baƙin mai, musamman bakin da aka yanka da wurin da yake shiga bango. Yara sun kwana biyu a falo saboda warin, taga a buɗe.

Ƙarin kashewa: tu-bai-tiri huɗu 8,800, tu-bai-fo huɗu 12,000, magani da baƙin mai 7,000, dako 2,000. Jimla 29,800. Kafinta ya nemi ƙari tunda aikin ya koma na kwana biyu, kuma da gaskiyarsa, muka tsaya a 30,000. Saura 80,000.

Ƙiyasin rufi da aka yi kafin a buɗe shi, a ɗora masa kashi ɗaya cikin huɗu. Na tsara 139,200, aikin ya ci 174,000.

Asabar, 19 ga Afrilu

An kammala kwano. Abubuwa uku na tsaya a kai. Ƙusa a kan tudu ake buga ta, ba a kwarin da ruwa yake bi ba, kuma ba a danne ta har tudun ya lotsa. Haɗin gefe tudu ɗaya da rabi, haɗin sama da ƙasa inci takwas saboda rufin ba shi da gangara sosai. Na uku, bakin haɗin ya kalli yamma, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa da iskarsa, in bakin ya kalle ta sai ta tura ruwa ta ƙarƙashi.

Jarka shida aka zuba daga sama don gwaji, babu ɗigo. Falle shida sababbi sun rage, na ajiye su a tsaye a zaure. Cikin tsofaffin na riƙe biyar don rumfar kaji, tara 'yan gwangwan sun saya 7,500. Asusu 87,500.

Litinin, 28 ga Afrilu

Lissafin ƙarshen wata, kuma bai yi daɗi ba.

Kuɗin cefane ya gaza da 11,300. Da ni da uwargida muka bi takarda layi-layi, babu abincin da ya ƙara tsada. Data ce ta dare, da gidan kallo sau uku, da tsire sau biyu, da ƙanƙarar yara a wannan zafi. Soke kason nishaɗi bai soke nishaɗin ba, ya koma ne yana fita ta kuɗin cefane ba tare da an rubuta ba, kuma da yake babu iyakar da aka sa masa ya wuce 8,000 ɗin da aka so a tsimi. Don haka 8,000 ba ta kai ga gyara ba, ta koma cike gurbin cefane, aka ƙara 3,300 daga kason zumunci.

Na mayar da kason daga yau, amma a hannu, a cikin ambulan, ba a banki ba. Kuɗin da ke waya ba a jin fitarsa. Dokar da muka sa: nishaɗi yana iya ba gida aro in lalura ta taso, asusun gyara kuwa ba ya ba kowa aro.

An koma makaranta zango na uku. Ajiyar wata huɗu 72,000, takardar biya da littattafai da kuɗin Islamiyya 81,000. Giɓin 9,000 ya fito daga ragowar zumunci 8,700 da 300 na man babur. Daga Mayu ajiyar makaranta ta koma 20,500, man babur ya sauka 21,500, tunda litar mai ta ɗan sauko a wannan wata.

Ajiyar gyara 6,000 ta shiga. Asusu 93,500.

Alhamis, 1 ga Mayu

Siminti buhu uku a kan 10,000 kowanne. A shafa buhun kafin a biya, in akwai dunƙule a kusurwa a canza. An ɗora su a kan katako, nesa da bango.

Yashi na gwada shi a gora: rabin gora yashi, a cika da ruwa, a girgiza, a bar shi ya kwanta. Laka tana zama a sama. In ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsawon yashin, bai dace da filastar waje ba. Na farko ya faɗi gwajin, na biyu ya ci, na saye shi 9,000.

Asabar 3 da Lahadi 4 ga Mayu

Rawani, tsawonsa kimanin mita 14. Aka sassaƙe duk tsohuwar filastar da take amsawa kamar ƙoƙo in an ƙwanƙwasa, aka share ƙura, aka jiƙa bulo. Haɗi buhu ɗaya da kwanon sarki takwas na yashi, wato baro biyu. Birkila ya so ya kai goma sha biyu kamar na cikin ɗaki, ban yarda ba, wannan bango rana da ruwa yake sha kai tsaye. Saman rawani an karkata shi ciki, don ruwa ya koma kan kwano maimakon ya zubo ta fuskar bango.

Tsohon indararo guntu ne, yana jefa ruwa taku biyu daga bango, iska kuma tana mayar da shi. An sa bututun roba inci huɗu da gwiwa biyu har bakin kwata. Inci uku ya fi araha, amma leda ɗaya da ganye sun isa su toshe shi, in kuwa ya toshe a rufin da ke cikin rawani ruwa ba shi da mafita sai ɗaki. An ɗaura raga a bakinsa na sama.

Siminti 30,000, yashi 9,000, bututu 8,500, gwiwa 3,000, birkila kwana biyu 14,000, lebura 8,000, ruwa 2,000. Jimla 74,500. Saura 19,000 da rabin buhun siminti.

Juma'a, 9 ga Mayu

Filastar gefen yamma, kamar mita uku, ta tsage kamar bayan kunkuru, tana kuma amsawa. Dalili a fili yake. An yi ta ne bayan azahar ranar Lahadi a kan bulon da ya sha rana, sannan Litinin da Talata ba a ba ta ruwa ba saboda ba kowa a gida da zai hau. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake ci. A zafin Mayu bulo yana tsotse ruwan ta ciki, rana tana ɗauke shi ta waje, sai ta bushe ba ta kama ba. Sauran ɓangarorin da aka yi da safe sun tsira, duk da su ma ruwan bai ishe su ba.

Ba a gyara irin wannan da shafa ruwan siminti a kan tsagar, rufe ido ne kawai. Sai an kankare.

Lahadi, 11 ga Mayu

An sake mita ukun bayan sallar asuba da rabin buhun da ya rage. An rufe da buhunan algarara, ana jiƙa su safe da yamma har kwana bakwai, jarka ɗaya kowane lokaci. Birkila 4,000, ruwa 1,500. Saura 13,500. Nan gaba ba zan sa aikin siminti a ranar da ba a ware wanda zai ba shi ruwa na mako guda ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Babu aiki. Masara da gero sun sauko sosai a kan farashin bara, muka haɗa da maƙwabta biyu aka sayo buhu a Dawanau aka raba. Wannan zai bar kusan 9,000 a kuɗin abinci.

Laraba, 28 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi a unguwarmu, da iska a gabansa. Falo bai zuba ba, indararo ya ɗauke ruwa yadda ake so. Ɗakin yara kuwa ruwa ya gangaro ta jikin bangon gabas, ba ta tsakiyar silin ba.

Wannan ya nuna ba kwanon ba ne, mahaɗar kwano da rawani ce. Birkila ya cike wurin da siminti kamar yadda aka saba yi a ko'ina. Amma kwano yana buɗewa da rana yana tsukewa da dare, siminti ba ya motsi, cikin mako uku sai ga siririyar tsaga tsawon layin. Gwajin jarka bai kama ta ba domin lokacin ba a yi filastar ba, kuma jarka ba ta zuwa da iska. Laifin tsarina ne, ya kamata kafinta da birkila su haɗu a wannan layi rana ɗaya.

Albashi ya shigo, 6,000 ta shiga asusu, 19,500.

Asabar, 31 ga Mayu

Gyaran mahaɗa. An yanka falle biyu cikin shidan da suka rage gida uku-uku a tsaye, aka buge su suka miƙe, aka lanƙwasa. An sara layi a jikin rawani zurfin inci ɗaya, inci shida sama da kwano, aka cusa bakin sama a ciki, aka kafe da ƙusar kankare aka toshe da siminti. Bakin ƙasa ya kwanta a kan kwano ya rufe tudu biyu, ba a liƙe shi da komai ba, don kwanon ya yi motsinsa a ƙarƙashi. Kafinta 5,000, ƙusar kankare 1,500, siminti na awo 2,500. Saura 10,500.

Ambulan ɗin nishaɗi na Mayu: data 2,500, gidan kallo sau huɗu 1,200 har da wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na daren yau da PSG ta ci Inter 5 da nema, ƙanƙarar yara 800. Ya rage 3,500, an ajiye don fitar Sallah. Cefane bai gaza ko naira ba a wannan wata.

Talata, 3 ga Yuni

Sallah Juma'a ce. Rago ya yi tsada, ga shi Nijar ta hana fitar da dabbobi, 'yan kasuwa suna kafa hujja da haka. Babu layya a gidan nan bana. Layya ga mai hali ce, ba a cin bashi ko a bar rufi a buɗe saboda ita. Mun shiga watanda a unguwa, kaso 22,000, da sanin cewa nama ne na iyali ba layya ba, domin a mazhabar Malikiyya ba a haɗa kuɗi a sayi dabbar layya. Kuɗin: 9,000 na rarar hatsi, 6,000 na naman da da ma za a saya a Yuni, 7,000 daga zumunci. Yara za su maimaita kayan ƙaramar Sallah, an yi wata biyu ne kacal da ɗinka su.

Lahadi, 8 ga Yuni

An kai yara gidan zu. Adaidaita zuwa da dawowa, kuɗin shiga da abin sha, 8,200. An tafi da abinci daga gida, wanda shi ne ya hana kuɗin ninkawa. Ambulan yana da 11,500, ya koma 3,300.

Asabar, 14 ga Yuni

Aikin gayya na yashe kwatar layi, kowane gida 3,000 don baro da masu kwashe shara. Na biya daga asusun gyara, domin in kwatar ta cika bututun da na sa ba shi da inda zai kai ruwa, gindin bangona zai fara sha. Sharar da aka fito da ita a kwashe a ranar, in aka tara a baki ruwa ɗaya ne zai mayar da ita. Saura 7,500.

Alhamis, 19 ga Yuni

Zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙaramar yarinya. Gwaji da magani 7,800. Kason magani 5,000 ne ya rage bayan watanda, aka ari 2,800 daga nishaɗi. Taɓa kason magani a bakin damina kuskure ne, gara a ɗauki rabin kason nama. An ɗinke gidajen sauro biyu da suka yage, an kifar da tsofaffin gwangwanaye da taya a bayan gida.

Asabar, 28 ga Yuni

Ruwa uku a mako guda, babu ɗigo ko'ina. Na hau na share ragar indararo, ta tara ganye cike da hannu biyu. Wannan aikin kowace Asabar ne har ƙarshen damina. 6,000 ta shiga, asusu 13,500.

Asabar, 5 ga Yuli

Gindin bango shi ne ya rage cikin aikin ruwa. Abin da yake bukata daɓen kankare ne mai faɗin taku biyu, kaurin inci uku, tsawon mita bakwai, mai gangara zuwa waje. Haɗin buhu ɗaya da kwanon sarki shida na yashi da goma sha biyu na tsakuwa ya isa, tunda ba kaya zai ɗauka ba. Da siminti buhu biyu, tsakuwa, yashi da lada, kusan 45,000 ne. Babu su a yanzu. Abin da aka yi yau kyauta ne: ɓaraguzan tsohuwar filasta da aka tara tun Mayu an zuba su a gindin bangon, an daddaɓe, an karkata su waje. Zai riƙe zuwa kaka.

Silin ɗin falo falle biyar ne za a sauya, amma sai Agusta ta wuce ta gwada rufin sosai. Na cire falle biyu da suka fi lotsawa don kada su faɗo wa wani, hakan kuma yana ba katakon iska, yana ba ni damar leƙa ko gara ta dawo.

Ajiyar Yuli da Agusta za ta kai asusu 25,500, ba za a taɓa ta ba sai in rufi ya sake magana. Zubin adashi yana ƙarewa a Agusta, daga Satumba 26,000 za ta riƙa shiga gyara kowane wata. Satumba kuɗin sabon zango ne da kayan makaranta, mai yiwuwa ajiyar 20,500 ba za ta isa ba, don haka daɓen gindin bango na sa shi a farkon Oktoba, silin a Nuwamba, fenti sai bango ya bushe da iskar hunturu. Falle huɗun da suka rage suna zaure.